Idan Zauren Manhaja Ya Ɓace



Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a shiga gida ta katanga, zaure ake bi. A nan baƙo yake yin sallama, a nan ake tambayarsa wanda yake nema, daga nan kuma ake yi masa iso. Gidan da aka toshe zaurensa, ko da kowa da komai na ciki lafiya lau, ya gagari mai shi. Manhajojin da ke cikin wayoyinmu su ma kowace da zaurenta, wato jerin zaɓin nan da yara ke kira menu, wanda ta cikinsa ake isa wurin tura kuɗi, da wurin duba abin da ya rage a asusu, da wurin sauya lambar sirri. Ran da wannan jeri ya ƙi fitowa, mutum yana riƙe da waya a tafin hannunsa, amma tsakaninsa da haƙƙinsa kamar an gina bango.

Na ɗauki alƙalami a kan wannan batu ne domin a 'yan shekarun nan babu kukan da ake kawo mini kamarsa. Ni magatakarda ne ga ɗaya daga cikin dattawan al'ummarmu a nan Akanda. Ni nake rubuta masa wasiƙu, ni nake riƙe da kundin asusun taimakon juna da muke tarawa saboda jinya da jana'iza. A da kayan aikina alƙalami ne da kundi da ambulan. In za a aika kuɗi gida, sai a nemi direban da aka yarda da shi a damƙa masa, a zauna jiran labarin isarsa. Yanzu rabin aikin ya koma cikin waya, kuma rabin wannan rabin neman ƙofar da ta ɓace ne.

Kakanninmu sun shigo ƙasar nan ta arewa, ta hanyar Kamaru, tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, suka zauna a garuruwan Woleu-Ntem irin su Bitam da Oyem da Minvoul. Mu da neman abinci ya gangaro da mu Libreville, sa'an nan ya turo mu arewacinta, zuwa Angondjé da Avorbam da hanyar Cap Estérias, yankin da aka mayar ƙaramar hukuma mai suna Akanda a 2013, har gobe cibiyarmu tana can. Iyaye suna can, maƙabartar dangi tana can. Wasunmu kuma danginsu suna Garwa, wasu Kano, wasu Maraɗi. Saboda haka da wuya mako ya wuce ba a aika wani abu ba, ko kuɗin magani, ko na makaranta, ko na likkafani. Waya ce ta gaji direban nan na amana, shi ya sa cikas ɗinta ya zama cikas ga zumunci.

Yana da kyau mu fara sanin dalilin da ya sa wannan ƙofa take da saurin ɓacewa. Fuskar waya ƙarama ce, abubuwan da manhaja ke iya yi kuwa suna da yawa, don haka masu ƙera ta suke tattara su su ɓoye a bayan wata 'yar alama. Mafi shahara ita ce gajerun layuka uku a kwance, ɗaya bisa ɗaya. Wani mai zane Ba'amurke da ake kira Norm Cox ne ya zana ta domin kwamfutar Xerox Star, wadda ta fito a 1981, da nufin ta yi kama da jerin abubuwa a takarda. Daga baya masu manhajar waya suka ɗauko ta. Ta biyu ita ce ɗigo uku a tsaye. Waɗanda suka riƙe wayoyin Android na farko za su tuna da maɓalli na musamman a ƙasan waya wanda aikinsa kawai buɗe jerin zaɓi. Daga 2011 aka fara barinsa, a farkon 2012 kuma kamfanin Google ya shawarci masu ƙera manhaja su daina dogara da shi. Maɓallin da yatsa ke lalubowa ko a cikin duhu ya koma 'yar alama da ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda ke iya sauya wuri duk lokacin da aka sabunta manhaja.

Wannan alama kuwa ba ta da kalma ko ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru a gaban malamai, yana karanta Larabci, yana rubuta ajami, yana ciniki da Faransanci da yaren Fang, sai ka ga layuka uku sun tsayar da shi. Ba jahilci ba ne, ba a dai taɓa biya masa wannan baƙin ba. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google tun 2013, ta shiga Facebook a 2016, amma manhajojin kuɗi da na hukuma da muke amfani da su a nan da Faransanci suke magana, inda ma suka yi maganar ke nan.

Wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar damina, aka bugo daga Oyem cewa an kwantar da wata dattijuwa daga cikin danginmu, ana bukatar sefa 150,000 kafin la'asar saboda magani da ƙarin jini. Kuɗin asusu a hannun Baba suke, wato dattijon da nake yi wa aiki, domin shi jama'a suka amince wa. Ya buɗe manhajar kuɗi, ga sunansa ya fito da manyan baƙaƙe, ga gaisuwar da ta saba yi masa, amma layukan nan uku da yake dannawa a kusurwar sama babu su babu alamarsu. Ya rufe ya buɗe, ya sake rufewa ya sake buɗewa. Kafin in iso baranda ta cika da masu ba da shawara. Wani ya ce an yi wa wayar kutse. Wani ya ce a garzaya da ita kasuwa a yi mata filashin. Wani saurayi ya ce a ba shi ita tare da lambar sirri, minti biyar sun ishe shi.

Baba ya dube ni ya ce, "Malam, kuɗin mutane ne fa. In suka salwanta a hannuna, da wane ido zan dubi jama'a ranar Juma'a?"

Na ce, "Allah Ya ƙara maka lafiya, Baba, kuɗin ba a cikin wayar suke kwance ba, suna ajiye a wurin kamfani da sunanka. Ƙofa ce kawai ba mu gani ba. Wa ya taɓa wayar nan daga jiya zuwa yau?"

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce jikansa ne. Yaron ya ga yana ƙanƙance ido wajen karanta saƙo, sai ya tausaya masa ya ƙara masa girman rubutu har ƙarshen ma'auni.

A nan gizo yake saƙa. Da baƙaƙe suka kumbura, sai sunan Baba ya cinye layin sama gaba ɗaya, ya ture alamar zuwa wajen fuskar wayar, kamar yadda babban buhu ke ture ƙaramin ƙunshi daga kan amalanke. Na nuna masa inda zai shiga, shi da kansa ya ja ma'aunin baya da mataki biyu. Layuka uku suka dawo mazauninsu, kuɗi suka isa Oyem kafin a kira azahar.

Gyaran bai ɗauki minti uku ba. Abin da ya daɗe a raina shi ne shawarwarin da aka bayar kafinsa, domin duk da kyakkyawar niyya aka ba da su, amma biyu daga ciki sun fi cutar kanta haɗari. Filashin yana shafe duk abin da ke cikin waya, har da saƙonnin shaidar kuɗin da aka karɓa da waɗanda aka aika, waɗanda da su nake daidaita kundina. Miƙa lambar sirri kuwa miƙa makullin rumbun jama'a ne. Sauri ya haifi nawa. Daga ranar na tsara wa kaina jeri da nake bi, kamar yadda aka koya mana jeranta gaɓɓai a alwala, ana farawa daga mafi sauƙi, ba a taɓa mai nauyi sai masu sauƙi sun gaza. Ga shi nan, ko wani zai amfana.

Da farko a duba da ido kafin a taɓa komai. A bi kusurwa huɗu na fuskar waya ɗaya bayan ɗaya, a dubi layin ƙasa. Sau da yawa jerin bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Bayan an sabunta manhaja yakan sauko daga sama zuwa ƙasa, ko ya koma bayan ɗan da'irar da ke ɗauke da hoton mai waya, ko bayan kalmar Plus. Wani malaminmu ya taɓa zuwa mini da irin wannan kuka, ashe harshen wayarsa ya mayar Larabci don ya fi masa daɗin karantawa. Waya kuwa in ta koma Larabci takan juya shimfiɗarta gaba ɗaya, abin da ke dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, yadda ya dace da rubutun da ake farawa daga dama. Ɗigo ukun da ya shekara yana samu a kusurwar dama suna nan a ta hagu suna kallonsa. Da na nuna masa ya yi dariya ya ce, "Ashe ita ma ta san ta ina ake fara allo."

Na biyu, a tambayi girman rubutu. A wayoyin da ke Faransanci ana shiga Paramètres, sa'an nan Affichage, a nan za a ga ma'aunin girman baƙaƙe, a wasu wayoyin har da na girman duk abin da ke fuska. A rage mataki ɗaya a koma a duba. Wannan ita ce cutar da ta fi kama wayoyin dattawa, domin su ne ake ƙara wa rubutu. Akwai kuma yanayin duhu da ake sa wa waya don hutar da ido, wanda a wasu manhajojin yake barin baƙar alama a kan baƙin fili. Alamar tana nan, ido ne ba ya rarrabe ta. In aka mayar da fuska fara sai ta bayyana.

Na uku, a binciki gilashin kansa. Mu nan muna zaune tsakanin teku da fadamun Akanda, ruwa da laima ba sa rabuwa da mu yawancin shekara, gilashin waya kuwa ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa yadda ya kamata. A goge hannu, a goge fuskar. In akwai tsaga a kusurwa, ko gilashin kariya ya ɗago, mai yiwuwa wannan gefen ne ya mutu. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe wata manhaja daban a danna daidai wurin. In ita ma ba ta amsa ba, laifin na gilashi ne. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta yi makonni tana aiki da wayar da kusurwarta ta mutu, ta hanyar kwantar da ita a gicciye, sai alamar ta matsa zuwa inda gilashi ke da rai, har Allah Ya hore mata kuɗin canji. Ba kowace manhaja ke yarda ta kwanta ba, amma gwadawa ba ta cin ko sisi.

Na huɗu, a rufe manhajar gaba ɗaya, a kashe waya, a ɗan jira, a kunna. Mutane suna raina wannan mataki saboda sauƙinsa, alhali waya takan yi makonni ba a kashe ta ba, ayyuka su cunkushe mata, wani sashe na manhaja ya maƙale bai gama buɗewa ba.

Na biyar, a duba rezo da data da kwanan wata. Manhajoji da yawa ba sa ajiye jerin zaɓinsu a cikin waya, ɗauko shi suke yi daga kwamfutar kamfani duk lokacin da aka buɗe su. In data ta ƙare ko rezo ya yi rauni, sai gangar jikin manhajar ta fito, cikinta ya zauna fayau. Batun kwanan wata kuwa shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba. Kafin manhajar kuɗi ta yarda ta yi magana da kwamfutar kamfani, sai ta duba wata shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar fasfo. In agogon waya ya koma wata tsohuwar shekara, kamar yadda yakan faru da wayar da ta daɗe a mace babu caji, sai ta ɗauki ingantacciyar shaida a matsayin marar inganci, ta ƙi buɗewa. Maganinsa a sa wayar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta daga rezo.

Na shida, a leƙa rumbun waya. Zaurukanmu na WhatsApp ba sa hutawa: wa'azi, hotunan biki, sanarwar rasuwa, muryoyin gaisuwa. In rumbu ya cika maƙil, manhaja ba ta samun wurin shimfiɗa kayanta. A rage bidiyoyin da aka riga aka kalla. A nan kuma akwai maɓallai biyu da ke maƙwabtaka, waɗanda ya wajaba a rarrabe su. Vider le cache yana zubar da tarkacen wucin gadi ne kawai, kamar share tsakar gida, ba ya taɓa komai mai amfani. Effacer les données kuwa kwashe kayan ɗaki ne baki ɗaya: yana fitar da mutum daga asusunsa, a manhajar hira kuma yana iya tafiya da saƙonnin da ba a adana a wani wuri ba. Na farko a danna shi ba fargaba. Na biyu kada a kusance shi sai an tabbata ana riƙe da lambar sirri, kuma layin da aka yi rajista da shi yana cikin wayar.

Na bakwai, a sabunta manhajar, amma daga Play Store ko App Store kaɗai. Kada a karɓi wadda wani ya turo ta saƙo, ko wadda aka ce a ɗora daga wata waya, domin ta nan ake shigo da jabu mai kama da ta gaskiya. In wayar ta tsufa har sabuwar manhaja ta daina zama a kanta, wannan ba abin da danne-danne zai gyara ba ne.

Sai duk waɗannan sun gaza ake maganar cire manhaja a sake ɗora ta. Filashin kuwa shi ne ƙarshen ƙarshe, kuma kafin a kai gare shi, mai waya ya ɗauki katin shaidarsa ya je ofishin kamfanin da ƙafarsa. Wani lokaci matsalar daga can take, kowa a gari yana fama da ita, ba abin da ake bukata sai haƙurin 'yan sa'o'i.

Akwai kuma ƙofar baya da ya kamata kowane mai asusun waya ya sani, wato lambar nan da ake bugawa kamar kira, mai farawa da tauraro ta ƙare da alama mai kama da gidan dara, wadda ake ce wa diyez. Jerin da take fitarwa ba ya bi ta intanet, ta hanyar siginar kira yake tafiya, shi ya sa yake aiki har a ƙaramar waya mai maɓallai. Saƙonsa ba ya wuce baƙaƙe 182, don haka zaɓin gajeru ne masu lamba, kuma in aka yi jinkirin amsawa yakan rufe sai an sake bugawa. Mai layi biyu ya lura da layin da yake bugawa da shi, domin in ya buga ta ɗayan jerin ba zai fito ba. Waɗanda suke nan a ƙarshen Agustan 2023, lokacin da aka katse intanet daga ranar 26 zuwa 30 ga wata, sun ga yadda kowace manhaja ta zama hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya: kowa ya rubuta lambar kamfaninsa a takarda tun yau, ya gwada ta sau ɗaya yana cikin kwanciyar hankali.

Duk wannan bayani a kan abu guda yake tsaye, wato amana. Dattijon da jerin zaɓi ya ɓace masa yana cikin halin da zai iya miƙa wayarsa ga duk wanda ya ce ya iya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu damfara sun san haka sarai, shi ya sa suke bugowa da murya mai ladabi su ce daga kamfani suke, an ga asusunka yana da matsala, ka faɗi lambar da aka turo maka a gyara. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko a ofis. Babu kuma ko ɗaya daga cikin matakai bakwai ɗin nan da ke bukatar wani ya san ta.

Ga matasanmu, waɗanda Allah Ya ba sanin wannan fanni, ina da roƙo. In babba ya kawo muku waya, ku bar ta a hannunsa, ku zauna gefensa, ku nuna masa shi ya danna. In kun fizge kun gyara cikin daƙiƙa goma kun miƙa masa, kun warkar da wayar kun bar mai ita da ciwonsa, gobe ma sai ya nemo ku. In kun sauya wani abu, ko girman rubutu ne ko harshe, ku faɗa masa abin da kuka sauya da inda yake. In ya zo sa lambar sirri, ku kau da kai, ko da mahaifinku ne. Kada kuma ku ce masa ai abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya san hanyar Bitam tun ba kwalta bai cancanci a sa shi jin kunya saboda layuka uku ba.

Ga dattawa kuwa, matambayi ba ya ɓata. Na yi wa Baba wani ɗan kati da yake sakawa a bayan rigar wayarsa. Na zana layuka uku, na zana ɗigo uku, na zana ɗan gurgurar nan mai haƙora ta saituna, a gaban kowace na rubuta aikinta da ajami. A ƙasa na jera matakan nan a taƙaice. Lambar sirri ba ta cikin katin, tana inda ta dace, a cikin kansa. Yanzu sau da yawa sai bayan ya gyara abinsa nake jin labari, har wasu tsaransa suna zuwa a kwafa musu.

Shawarata ita ce a taronmu na wata-wata a ware rabin sa'a bayan an gama lissafin asusu, kowa ya fito da wayarsa, matasa biyu ko uku su zauna tare da iyaye a bi waɗannan matakai tun ba a shiga matsi ba. Mata ma a yi musu nasu zaman, domin yawancin kuɗin cefane da na adashi ta wayoyinsu suke bi. Wanda yake da wata dabara da ban ambata ba, ya kawo ta a ƙaru da shi.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara haɗa kanmu. Amin.